Buhunan da Ba a Wanke Ba

Ku shigo daga ciki, ku tuɓe takalma. Na san a soro ake sauke baƙi, amma yau a ɗakin nan nake so ku zauna, ga tabarma nan. Kai mai jar hula, mayar da wayar nan aljihu. Tun daga ƙofar gida na ji kana gaya wa ɗan'uwanka wai aikin namu ba komai ba ne illa a wanke fasassun tukwane, a jera a tebur, a karɓi albashi. Na ji ka sarai. Kunnen hagu ne ya mutu, na dama yana nan da ransa.

Malaminku na jami'a ya turo ku in nuna muku tsingaro mafi tsufa da hannuna ya taɓa ɗauka a birnin nan. Zan nuna muku, ban yi masa alkawarin banza ba. Amma sai kun ji yadda ya fito daga ƙasa tukuna, da abin da ya same shi bayan ya fito.

Sunana Ɗanlami. Mutanen Zaitawa Ɗanlami Tsingaro suke ce mini, kuma ba don girmamawa suka laƙaba mini ba. Mahaifina tukwane yake sayarwa a Kasuwar Kurmi, a rumfarsa na yi wayo. Kafin in iya rubuta sunana na iya ƙwanƙwasa randa da bayan yatsa in ji ko ta gasu ko da tsaga a jikinta. Da roba da tukunyar silba suka shigo, kasuwar ta soma mutuwa a hannunmu. Tsoho ya rasu ya bar mini rumfa cike da kaya, babu masu saye. A wannan hali Dakta Isiyaku, mai tona ƙasa don binciken tarihi, ya same ni.

Da hantsi ya zo, ya nuna tulu, ya biya bai ko taya ba. Sai ya ɗaga shi daidai ƙirji ya sake. Tulu ya tarwatse a gaban rumfa. Na ce a raina yau na gamu da mahaukaci mai takalmi sau-ciki. Ya tsuguna ya zaɓo ɓalli biyu, ɗaya daga baki, ɗaya daga tsakiyar jiki, ya miƙo mini.

"Malam, da ba ka ga tulun ba, wanne zai gaya maka tulu ne?"

Na ce, "Na baki mana. Jiki ai jiki ne, ko na tulu ko na tukunyar miya."

Ya ce, "To, ka san farkon aikin. Sauran zai ci maka shekaru. Kana so?"

Bai yi ƙarya ba. Ya ci.

Aikin farko da ya ɗora ni a kai wanki ne, wanda kuke rainawa. Kwatarniya biyu, ɗaya ta jiƙo, ɗaya ta ɗauraya, da tsohon buroshin haƙori da ya yi laushi. Mai garaje yana dirzawa sau ɗaya ya tafi da jan da maginin ya shafa wa tukunyar, ya goge shaidar da babu mai dawo da ita. Kuma kwando ɗaya ake wankewa, a shanya shi shi kaɗai, a tattara, sannan a taɓa na gaba. Dakta yakan yafe maka makara, yakan yafe maka fasa abu, amma in ya ga ɓalli ya tsallaka daga wannan shanya zuwa waccan, ranar ba za ka ji daɗin tuwo ba. Dalili kuwa, ƙasa kamar tarin tabarmi take a ɗakin tsohuwa: wadda aka fara ajiyewa ita ce a can ƙasa. Tsingaro ba ya faɗin shekarunsa shi kaɗai. Hawan da ya fito, da abin da ya kwana kusa da shi, su ne suke magana. In ka raba shi da wurinsa ya zama shara, irin wadda ke cike da kowane lungu.

Bayan ya bushe sai tawada. Ku riƙe wannan, don nan maganar za ta dawo. Kowane ɓalli da aka wanke, babba da ƙarami, sai an rubuta masa lambar rami da ta hawa a cikinsa, da alƙalami mai tsinin ƙarfe, rubutu ƙanana kamar sawun tururuwa. A nan idona ya tafi, ba a tsufa ba. Sai an gama rubutun kakaf ake zaɓe. Na baki gefe guda, na gindi gefe guda, masu zane gefe guda. Na jiki da ba su da zane ko kaɗan, su ne suka fi yawa, a ƙirga su a auna su, a zuba a buhun zubarwa. An gama da su ke nan, sun ba da abin da za su bayar.

Wani ɓallin bakin kasko na fara ganewa da kaina, ina tuna shi kamar jiya. Zanen jikinsa ƙananan ramuka ne a jere. Na ce da Dakta wannan ai totuwar masara aka mirgina masa tun yumɓun yana ɗanye, haka na ga magina suna yi. Ya ce madalla, to masara baƙuwa ce a ƙasar nan, daga baya ta zo, saboda haka duk hawan da ka ga totuwa bai kai can can ba. Haka ma lofe, don ba a gina lofe sai da taba ta iso. Kana gangarawa za ka ga kwalba da tangaran sun ƙare, sannan lofe ya ƙare, sannan totuwa ta ɓace, sai zanen murɗaɗɗiyar igiya ya rage, bakunan tukwane su yi kauri, yumɓun ya canza kama. Da haka muke cewa wannan ya girmi wannan. Amma shekarun kansu, gawayi ne ke faɗa. Shi kuwa gawayi ba a taɓa shi da hannu, ba a shan sigari kusa da shi, da bakin cokalin gini ake ɗauko shi a naɗe a takarda mai ƙyalli, a aika ƙasar waje su gwada.

Kada ku ɗauka mutanen gari sun ga darajar wannan. Rabinsu sun rantse zinariya muke tonowa muna kai wa Turawa. Wani attajiri ya taɓa kawo mini tukunya a naɗe cikin bargo, wai ta kakan kakansa ce, in gaya masa nawa za ta yi a Ingila. Na juya gindinta na ga alamar wani magini da nake sayen kaya a hannunsa, yana raye, har yana da rediyo. Da na faɗa masa, ya ce hassada ce. Surukina kuwa, Allah ya jiƙansa, in aka tambaye shi aikin mijin 'yarsa sai ya ce, "Yana gwamnati," ya sauya magana.

Yanzu ga ramin Goron Dutse. Cikin birni samun ƙasar da ba a taɓa dagulawa ba abu ne mai wuya, don kowane gida da ƙasar kududdufi aka gina shi, an haƙa an kwaɓa, ya rushe an sake kwaɓawa, tsohon tsingaro da sabo sun cakuɗe tun kafin a haifi kakanninmu. Dakta ya daɗe yana yawo kafin ya dace da wata 'yar gona a gindin dutsen, wadda ban da fartanya babu abin da ya taɓa shigarta. Muka kafa turaku muka ja igiya. Leburori suna kwashe ƙasa da kwanon sarki, ni ina kan rariya. Muka yi ta gangarawa har tsani ya soma kasa mana. A can ƙasa, dab da fa, inda ƙasa ta ƙare dutse ya fara, muka tarar da murhu. Duwatsunsa na nan a girke, ga toka, ga gawayi, ga kashin maƙera, dattin narkakken ƙarfe, a gefe, ga tukwane sun fashe a inda aka bar su. Zanensu ban taɓa ganin irinsa ba, ni da na tashi a cikin tukwane. Dakta ma bai taɓa gani ba. Mutumin da ba ya yawan magana, ranar sai da na ji yana salati a cikin rami.

Ya ce, "Malam Ɗanlami, waɗannan kada ruwa ya taɓa su. Ka ga baƙin nan da ƙanzon da ke manne? Akwai masu iya gano abin da aka dafa. Ba wanki, ba tawada. Ka sa takardar shaida a cikin kowane buhu, ka ɗaure, ka sa musu ido kamar 'ya'yanka."

Haka na yi. Buhunan hawan ƙasa suka zauna da ƙasarsu da baƙinsu, ko ɗigon tawada babu a jikinsu.

Shekarar ce soja suka sauka farar hula suka hau. Ni ma na yi murna, kada in yi muku ƙarya, na bi layi na dangwala. Gari ya cika da tutoci da kiɗa. Ba a jima ba aka soma naɗe-naɗe, kuma duk wanda aka naɗa yana bukatar ofis da fanka da masinja. Wata safiya na zo buɗe ɗakin ajiyarmu na tarar da wani Alhaji, babbar riga har ƙasa, wai shi ne sabon mai ba da shawara, an ba shi ɗakin. Ya zunguri buhu da sandarsa.

"Mene ne wannan tarkacen?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tarihin gari ne."

Ya ce, "Tarihi yana bakin manya, ba a buhu ba. Kafin Juma'a in ga an share."

Dakta ya hau bene ya sauko, ya rubuta, ya roƙa. Kowa ya ce a yi haƙuri, gwamnati sabuwa ce. Ba su tsaya nan ba. Gonar da muka haƙa, muka ji an yanka ta fuloti an raba wa 'yan jam'iyya. Kafin mu farga an cike raminmu, an kwarara kankare, an soma aza bulo. Ku gane abin da wannan yake nufi: rami sau ɗaya ake tona shi. Murhun nan ya tafi har abada. Duk abin da ya rage na mutanen da suka hura wutar nan yana cikin buhunan da ba a wanke ba.

Babu inda za a kai su sai gidana. Na yi hayar amalanke, na kwaso komai, na jibge a soron da kuka wuto yanzu. Na zubarwa na tara a bayan ƙofa. Na hawan ƙasa na ɗora su a kan benci a kusurwa, don kada damshi ya kama su.

A lokacin maiɗakina tana gidansu, ta je haihuwar fari, an kusa dawo da ita. Mahaifiyata, Inna, ta ce ba za a shigo mata da jika ɗaki mai ƙura ba, sai an yi sabon daɓe. Ku 'yan tayil ne, ba ku san daɓe ba. Mata ake gayyatowa, a daka tsingaro a turmi ya zama kamar tsakuwa, a baza a kan jar ƙasa, a yi ta bugu da madaɓi ana yayyafa ruwan makuba ana waƙa, har ya yi santsi ya yi ƙarfi. Inna gwana ce, har wasu unguwanni ake zuwa ɗaukarta. Ta ga buhuna a soro ta ce, "Ɗanlami, Allah ya kawo mana kayan aiki har gida."

Na kama hannunta na kai ta bayan ƙofa. Na ce, "Inna, waɗannan naki ne, an gama da su, ki yi yadda kike so. Waɗancan na kan benci kuwa na aiki ne."

Ta ce, "Na ji. Ni yarinya ce?"

Dakta bai iya barin gari ba, yana ta faman neman mana wani ɗakin. Sai ya ba ni gawayin in kai kudu a jirgin ƙasa, in damƙa wa wani abokinsa malamin jami'a da zai tafi da shi waje. Na tafi, na damƙa, na juyo.

Da la'asar na iso gida. Tun daga bakin lungu na ji ƙanshin makuba. Na shiga soro, idona ya fara sauka a bayan ƙofa: buhunan zubarwa suna nan cif, an ma sake ɗaure bakinsu da kyau, an ɗora musu tsohuwar tabarma. Na juya kusurwa. Benci wayam. Buhunan an kakkaɓe su an ninke an ajiye a kai.

Inna ta fito tana murmushi, hannunta duk ya yi kanta saboda bugu.

"Sannu da hanya. Zo ka ga ɗaki."

Na ce, "Inna, ina kayan kan benci?"

Ta ce, "Kai dai bari, Allah ne ya tsare. Saura kaɗan ka sa ni ɗaukar alhaki. Da muka kwance waɗanda ka nuna mini, sai na ga kowane ɗaya da rubutu a cikinsa. Na ce da mata ku tsaya! Yaron nan gajiya ta sa ya rikice, ya nuna mini na gwamnati. Rubutu ai ba a daka shi, ba a taka shi, wa ya san ko da sunan Allah a ciki? Na duba na kan benci na ga duk ƙasa ce da baƙin tukunya, ko wanke su ba a yi ba, ba rubutu ko ɗaya. Na ce yawwa, ga sharar nan."

Sai ta kwance bakin zaninta ta ciro wani ƙyalle fari a ƙulle. Ta warware a gabana. Takardun shaidar ne, na cikin buhunan, ta tsince su duka, ta share musu ƙasa, ta jera su.

"Ga 'yan takardunka. Ko ɗaya ban bari ta taɓa ƙasa ba."

Ku gaya mini, ku masu karatun jami'a, me zan ce mata? Matar da ba ta taɓa wuce takarda a hanya ba sai ta ɗauka ta soke a jikin bango. Ita ta koya mini haka, da dundu. Na tsuguna na karɓa da hannu biyu na ce, "Na gode, Inna." Na fita waje na zauna a kan dutse. Ban ji haushinta ba, wallahi ko na ƙwayar zarra. Wanda na tsine wa a raina shi ne mai babbar riga da sandarsa, kuma har yau da nake muku maganar nan ban janye ba.

Washegari na je na gaya wa Dakta. Ya ɗauki hularsa ya biyo ni. Ya gaida Inna a tsugune, ya nemi izinin ganin ɗakin. Ya shiga ya durƙusa, ya shafa daɓen da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa. Inna tana tsaye a bakin ƙofa tana jira.

Ya ɗago ya ce, "Inna, ban taɓa ganin daɓe mai kyan wannan ba."

Ta ce, "Ai tukwanen ne masu kyau, ɗana. Turmi ma sai da ya ji su. Magina yanzu ba sa gashi irin haka."

Da muka fito lungu ya ce mini, "Kada ka gaya mata. Ko bayan raina."

Ban gaya mata ba. Ta rayu shekaru bayan haka tana ba wa mata labari a gidan suna da gidan biki, yadda ta ceci rubutun gwamnati ranar da ɗanta ya rikice. Ina ji ina gyaɗa kai.

Bayan watanni sakamakon gawayi ya zo. Ya nuna wutar nan an hura ta tun kafin a yi ganuwar birni, da nisa. Dakta ya karanta a tsaye, ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce, "Mun san shekarun wutar. Ba mu da tukunyar da za mu ɗora a kanta." Abin da ya gani da idonsa a rami, babu wanda zai karɓa a bakinsa ba tare da kaya a tebur ba, shi ma da wani ne ya zo masa da irin wannan ba zai karɓa ba. Bai sake kafa turke a birnin nan ba. Ya koma aji yana koyarwa har ƙarfinsa ya ƙare. Ni kuma aka mayar da ni sito, ina kaɗe ƙura, ina wanke wa ɗalibai irinku abin da suka kwaso daga wasu garuruwa, har na yi ritaya.

Abin da ya fi ci mini rai ma ban gaya muku ba. Da gwamnati ta sake canzawa aka tuna da mu, aka ba mu ɗaki, aka aiko mota ta kwashe abin da ke sorona. Me ya rage? Buhunan zubarwa. Su aka kai, aka yi musu kanta, aka sa musu kwaɗo. Na tabbata su aka nuna muku a shekararku ta farko, kuka yi ta juya su kuna rubuce-rubuce. Kai mai jar hula, na ga ka sunkuyar da kai. Su ne, ko? To, shara ce, ni na ware ta da hannuna.

'Ya'yana sun dame ni a fasa ɗakin nan a sa tayil, wai abin kunya ne gidan mahaifinsu da daɓen ƙasa. Har siminti suka sauke mini a ƙofar gida, na ce su kwashe abinsu. In na mutu su yi, na san kuwa za su yi kafin a share makoki.

To, kun ce kuna son gani. Ku tashi. Ku biyu ku kama bakin tabarmar ku naɗe ta zuwa bango. A hankali. Matso da hasken wayar taka, yanzu tana da amfani. Kun ga baƙaƙen ɗigon nan da ke cikin ja, daga bakin ƙofa har ƙarƙashin gado? Ga wani nan kusa da ƙafarka, bai kai farce ba, in ka kwantar da kai za ka ga ragowar zane a jikinsa.

Su ke nan. Tun ɗazu a kansu kuke zaune.